Neman shawara: wace Nintendo Switch zan saya wa yara, kuma waɗanne wasanni da kayan haɗi ne suka zama dole?

Baban Ilham ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ke karatu a Ingila zai zo gida hutu nan ba da jimawa ba, kuma na yi niyyar tura masa kuɗi ya taho wa yarana da na'urar wasa ta Nintendo Switch, domin na yi musu alkawarin haka idan suka yi ƙoƙari a jarrabawa, kuma sun yi. Yaran uku ne: babban namiji ne mai shekara 14, mai bi masa mace ce mai shekara 11, autan kuma shekararsa 7. Abin da ya ja hankalina ga wannan na'ura shi ne ana iya haɗa ta da talabijin a yi wasa a falo, idan kuma aka ɗauke wuta sai a zare ta a ci gaba da wasan a hannu, wanda a ganina ya dace da halin da muke ciki a nan Kano.

Sai dai da na shiga bincike na tarar ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta asali, akwai wadda ake kira Lite, akwai OLED, ga kuma sabuwa mai suna Switch 2, kowacce da farashinta. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su faɗa mini wadda ta fi dacewa da gida mai yara uku. Haka nan ina son sanin wasannin da ya kamata a fara da su, waɗanda ba su da abin da zai ɓata tarbiyya, kuma yaran za su iya yin su tare maimakon su riƙa rigima a kan wanda zai karɓi na'urar. Babban yaron ba ya da magana sai ta ƙwallo, ni ma kuma ba zan ƙi taɓawa ba idan na dawo daga aiki.

Tambayata ta ƙarshe a kan kayan haɗi ce. Ƙanen nawa ya turo mini jerin abubuwa masu yawa da ake sayarwa tare da na'urar, kuma ba na son kashe kuɗi a kan abin da za a jefar a lungu bayan mako guda. Ku sani cewa ba mu da intanet na gida, da datar wayata muke amfani. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Injiniya Mai Gyara ya rubuta:

Wa alaikumus salam Baban Ilham. Allah ya yi wa yara albarka. Zan fara da nau'in na'urar, domin sauran shawarwarin duka a kansa suke.

Ka cire Lite daga lissafi tun yanzu. Ta fito a watan Satumbar 2019, ita ce mafi araha, amma ba a haɗa ta da talabijin ko kaɗan, kuma hannayenta a manne suke da jikinta, ba a cire su. An yi ta ne domin mutum ɗaya, saboda haka a gidan da yara uku ke jira ba za ta kawo komai ba sai rigimar da kake gudu. Ta asali kuwa, wadda ta fito a ranar 3 ga Maris 2017, iri biyu ce duk da cewa kamanninsu ɗaya. Ta farko batirinta yana ɗaukar awa biyu da rabi zuwa shida da rabi, gwargwadon nauyin wasan, amma wadda aka gyara a 2019 tana kaiwa awa huɗu da rabi zuwa tara. Ana gane ta biyun da jan kwalinta, kuma a yawancinsu lambar da ke ƙasan na'urar tana farawa da XK, alhali ta farko da XA take farawa. Wannan bambanci yana da muhimmanci sosai idan wadda aka yi amfani da ita za a saya.

Ni OLED zan zaɓa maka, wadda ta fito a Oktoban 2021. Ƙarfin injinta daidai yake da na ta asali, wasannin da suke yi ɗaya ne, kuma a talabijin ba za ka ga bambanci ba. Fifikonta yana hannu ne: allonta inci 7 ne maimakon 6.2, launinsa ya fi kyau, ma'ajiyarta giga 64 ce maimakon 32, kuma madogarar da ke bayanta mai faɗi ce, ba siririyar nan ta asali da yara ke ɓallewa ba. Tun da ka ce ana yawan ɗauke wuta, yaran za su fi yin wasa a ƙaramin allon, su uku a kewaye da shi a kan tebur, kuma a nan ne ƙarin kuɗin zai yi amfani. Dala 50 ce ta raba farashinsu lokacin da OLED ta fito, wato 350 da 300.

Batun caja ne nake so ka fi riƙewa, domin akasarin na'urorin da ake kawowa gyara ba faɗuwa ce ta kashe su ba, caja ce. Cajar asali tana bayar da wuta ta hanyar da aka tsara wa na'urar, har bolt 15, kuma ita ce kaɗai ya kamata a jona a mazaunin da ke haɗa na'urar da talabijin. Ganin cewa bakinta irin na wayoyin zamani ne, yara za su so su soka mata duk cajar da suka samu a gida, to a hana su tun ranar farko. Haka kuma kada a sayi mazauni na wani kamfani saboda arha, domin an sha samun rahoton irinsu sun lalata na'urori, musamman a 2018. Sa'ar da ka yi ita ce wadda aka saya a Ingila tana zuwa da kan caja mai ƙafa uku irin soket ɗinmu, kuma tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240. Duk da haka ina ba da shawarar a jona ta ta cikin sitabilaiza ko abin kariya daga tashin wuta, kuma a zare ta kafin a tayar da janareta ko a sauya layi.

Sai zafi da ƙura. Kamfanin ya ce a yi amfani da na'urar a yanayin da ke tsakanin digiri 5 zuwa 35, kai kuma ka san abin da Kano ke kaiwa a watan Afrilu da Mayu. Akwai ƙaramar fanka a cikinta da ke jan iska ta baya ko ta ƙasa tana fitarwa ta sama, saboda haka kada a ɗora ta a kan katifa ko kujera mai laushi ana wasa, kada a kulle mazaunin a cikin durowar talabijin, kada kuma a bar ta a mota da rana. Lokacin hunturu a riƙa rufe mazaunin da ƙyalle idan ba a amfani da shi.

Kayan da na ɗauka dole guda uku ne kawai: gilashin kariya na allo, jaka mai tauri wadda ke da gurbin ajiye katunan wasa, da fawa banki mai fitar da wuta ta tsarin caji mai sauri da ake kira PD, aƙalla wat 18, domin mai rauni ba zai iya cika batirin ana cikin wasa ba. A liƙa gilashin kafin a fara saka na'urar a mazauni. Allon OLED yana zuwa da wata siririyar leda da kamfanin ya manna, wadda ba a ɓarewa, a kanta ake ɗora gilashin.

Maman Abba ta rubuta:

Assalamu alaikum. Injiniya ya gama magana a kan na'ura, ni zan yi a kan wasanni, domin yarana sun daɗe da ita kuma na ga waɗanda suke komawa gare su da waɗanda suka manta da su.

Idan wasa ɗaya tak za ka saya, Malam, to ya zama Mario Kart 8 Deluxe. Tseren motoci ne na barkwanci, mutum huɗu na iya yin sa a lokaci ɗaya a talabijin guda, kuma ba banza ba ya zama wasan da aka fi saya a tarihin na'urar, sama da kwafi miliyan 60. Abin da ya sa na fi yaba shi shi ne akwai saitin da ke taimaka wa ƙaramin yaro: motar tana tafiya da kanta kuma ba ta faɗawa rami, sai autanka ya yi tsere da yayyensa ba tare da kullum ya zo na ƙarshe yana kuka ba. Filayen tsere 48 ne a cikin katin, waɗanda sun isa sosai kafin a yi tunanin sayen ƙarin.

Na biyu shi ne Super Mario Bros. Wonder na 2023 ko Super Mario 3D World, duka biyun mutum huɗu na iya shiga tare, kuma haɗin kai ake yi a cikinsu ba gasa ba. A Wonder akwai 'yan wasan da abokan gaba ba sa iya yi musu illa, waɗanda aka tanada domin ƙanana. Minecraft kuwa shi ne wanda 'yata ta fi daɗewa a kansa, tana gina gidaje da gonaki, kuma ina jin mai shekara 11 za ta so shi. Babban yaron zai fi jin daɗin The Legend of Zelda: Breath of the Wild, amma ka sani wasan mutum ɗaya ne, dogo ne ƙwarai, yana buƙatar karanta Turanci, kuma yana da dodanni da sihiri irin na tatsuniya. Wasu iyayen ba su damu da wannan ba, wasu kuma ba sa so, saboda haka ka kalli bidiyonsa da kanka kafin ka yanke hukunci. A jikin kwalin kowane wasa da aka saya a Ingila akwai lambar shekaru ta PEGI, wato 3, 7, 12, 16 ko 18, kuma tana taimakawa, sai dai ma'aunin Turawa ne, ba lallai ya yi daidai da naka ba.

Akwai abin da Injiniya bai saka cikin jerinsa ba wanda ni a wurina dole ne, wato ƙarin hannu. Na'urar tana zuwa da ƙananan hannaye biyu da ake kira Joy-Con, kuma a wasanni irin su Mario Kart kowane ɗaya yana zama hannun mutum guda idan aka riƙe shi a kwance. Yara biyu sun samu ke nan, na ukun yana kallo. Ko dai a ƙaro Joy-Con guda biyu, ko a sayi babban hannun nan Pro Controller, wanda cajinsa ke kai kimanin awa 40 kuma ya fi dacewa da hannun babba.

Kada ka manta da manhajar kula da yara ta Nintendo, kyauta ce a waya. Da ita za ka ƙayyade tsawon lokacin wasa a kowace rana, ka sa na'urar ta dakatar da wasan da kanta idan lokaci ya cika, ka kuma ga abin da aka buga. A gidanmu an saita ta yadda ba a wasa bayan magariba a ranakun makaranta, kuma hakan ya rage mini yawan magana. Katunan wasan ƙanana ne sosai, har kamfanin ya shafa musu wani sinadari mai ɗaci domin kada yara su haɗiye, to a sa doka cewa duk katin da aka cire ya koma jaka nan take.

Ɗan Damagaram ya rubuta:

Gaisuwa ga kowa. Na yarda da yawancin abin da aka faɗa, amma ina da ja a kan watsar da Switch 2 ba tare da an tattauna ta ba. Ta fito a ranar 5 ga Yuni 2025 a kan dala 450, allonta inci 7.9 ne, ma'ajiyarta giga 256, ƙarfinta ya ninka na tsohuwar nesa ba kusa ba, kuma tana karɓar mafi yawan katunan tsohuwar Switch. Wanda ke sayen na'ura yau domin yara su yi shekaru da ita ya kamata ya tuna cewa tsohuwar ta fito tun 2017, kuma sababbin manyan wasanni sun fara komawa sabuwar. Idan aljihu zai ɗauka, Alhaji, ni ita zan ce a saya. Sai dai gaskiya tana da nata nauyin: batirinta awa biyu zuwa shida da rabi ne, wato bai kai na OLED ba, wasanninta sun fi tsada, ba ta karɓar katin memori na yau da kullum sai nau'in microSD Express, kuma wasu katunan wasanta babu wasan a cikinsu, mabuɗi ne kawai da ke ba ka izinin sauke shi daga intanet. Ga mai amfani da datar waya, wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, kuma ana rubuta shi a gaban kwalin, sai a duba kafin a biya.

Wannan ya kawo ni kan ƙwallo, inda nake so ka sassauta tsammaninka. PES da muka saba bugawa a gidajen gem bai taɓa fitowa a tsohuwar Switch ba. FIFA ya fito, amma daga FIFA 20 zuwa 23 abin da ake kira Legacy Edition ake sayarwa, wato wasa ɗaya ne ake sabunta sunayen 'yan wasa da riguna kowace shekara. Daga EA Sports FC 24, wato wasan da ya gaji FIFA bayan an sauya masa suna, ne aka kawo cikakken wasan, sai dai motsinsa bai kai santsin na PlayStation ba, kuma yaron da ya saba da gidan gem zai lura da haka nan da nan. Babbar matsalar ita ce girmansa, domin yana cin kusan giga 30, kuma ko da katin ka saya sai ka sauke kaso mai yawa. Mafita ita ce ƙanenka ya buɗe na'urar tun yana can, ya sabunta ta, ya saka kowane kati ya sauke duk abin da yake nema da intanet ɗinsu, sannan ya taho da ita a shirye.

Saboda haka katin memori ya shiga jerin dole idan za a yi ƙwallo. Giga 128 ko 256 ya wadatar, kuma a saye shi a babban shago a can, domin jabun katin ya yi yawa a kasuwa: zai nuna maka giga 512, amma da ya cika ɗan abin da yake iya ɗauka na gaskiya sai fayiloli su fara lalacewa. Ka kuma sani cewa ci gaban da yaro ya samu a wasa ba a kan katin wasa ko memori yake zama ba, a cikin na'urar yake, don haka kowane yaro a buɗe masa nasa suna a kanta, kada wani ya goge na wani.

Game da sayen wasa ta kantin intanet na eShop, ba a buɗe shi a hukumance ga Najeriya ko Nijar ba, shi ya sa mutanenmu ke saita asusunsu a kan wata ƙasa suna loda kuɗi da katin kyauta. Tun da daga Ingila kayan za su zo, a saita asusun a kan Birtaniya, domin katin kuɗin fam ba ya aiki a asusun dala, kuma a wasanni da yawa ƙarin abubuwan da ake saya sai sun dace da yankin da katin ya fito. Katunan wasa kansu ba su da shingen yanki, na Amurka yana aiki a na'urar Ingila. Ribar eShop ita ce rangwame a kan ƙananan wasanni masu kyau irin su Stardew Valley da Overcooked 2, waɗanda ba su da nauyin saukewa. A guji duk wanda aka rubuta Cloud Version a sunansa, domin ba ya tafiya sai da intanet mai ƙarfi daga farko har ƙarshe.

Baban Ilham ya rubuta:

Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya ƙara sani. Bayan na auna batun batir da data, na karkata ga OLED tare da Mario Kart, Minecraft da wasan ƙwallo ɗaya, sai Pro Controller guda, kuma zan sa ƙanena ya sauke komai kafin ya taso. Saura abu biyu. Wani abokin aikina ya ce hannayen nan suna lalacewa da wuri, har ɗan wasa ya riƙa tafiya shi kaɗai ba a taɓa komai ba. Ya kuma ba ni shawarar in sayi wadda aka yi wa kutse a nan kasuwa, wadda ake loda mata wasanni masu yawa a kan kuɗi kaɗan. Injiniya, me ka gani?

Injiniya Mai Gyara ya rubuta:

Maganar abokin aikinka ta farko gaskiya ce, kuma sananniyar matsala ce, har shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya ba da haƙuri a kanta a 2020. Sandar juyawar da ke kan Joy-Con tana aiki ne da wasu sassa da ke gogar juna a ciki, idan suka cinye ko ƙura ta shiga sai na'urar ta ɗauka ana tura sandar alhali ba a taɓa ta ba. A Birtaniya da Turai kamfanin yana gyara wannan kyauta, amma aika hannu daga Kano zuwa can ba abin yi ba ne sai dai idan ƙanenka zai koma da shi. Idan abin ya fara, a shiga saiti a daidaita sandar tukuna, sannan a gwada tsabtace ƙarƙashin robar da ke gindinta da maganin goge kayan lantarki. Idan bai daina ba, canza sandar aiki ne mai sauƙi ga mai gyaran waya da ya ƙware, kuma akwai sanduna masu aiki da maganaɗisu, waɗanda ake kira Hall effect, da ba su da sassan da ke gogar juna. Ka ce wa ƙanenka ya haɗo da guda biyu a ajiye, ba su da tsada. Yaran kuma su riƙa wanke hannu kafin wasa, domin maiƙon abinci da ƙura ne ke hanzarta lalacewar.

Ta kutse kuwa ba na ba ka shawara. Wasannin da ake lodawa kwafi ne da ba a biya masu su ba, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, idan kamfanin ya gano na'urar yana toshe ta daga ayyukansa na intanet har abada, ba eShop, ba wasa da wasu ta intanet, kuma toshewar tana bin na'urar ce ko da ta sauya mai ita. Na uku, OLED ba a yi mata kutse sai an buɗe ta an yi walda an dasa wani ƙaramin guntu a kan allon injinta, kuma idan aikin bai yi kyau ba wata rana za ta ƙi tashi gaba ɗaya. Idan tsadar wasanni ce damuwar, katin asali yana riƙe darajarsa, musamman na Nintendo da ba kasafai farashinsu ke sauka ba, saboda haka idan yara sun gama da wasa ana iya sayar da shi ko a yi musaya da wani gidan. Ƙanenka ma zai iya samun katunan da aka yi amfani da su a shagunan can da rahusa, sai dai ya saka kowanne a na'urar ya tabbatar yana tashi kafin ya baro.